Injin Kawuna da Man Jirgin Sama

Na san wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamakin ganin irin wannan magana a cikin mujallar Sashen Hausa, inda aka saba da nazarin waƙa da karin magana da ginin jimla. To, ina neman afuwa tun daga farko, domin ba ni na zaɓi maganar ba. Ita ce ta same ni har gida, ta bakin mutumin da ba ni da ikon in juya masa baya.

Mutumin nan kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, wanda yake da injin niƙa a garinmu Shema, cikin ƙasar Dutsin-ma. Tun bayan rasuwar mahaifina, duk wani kuɗi da aka biya mini na makaranta, kama daga na jarrabawa har na rajistar jami'a, daga bakin wannan inji ya fito. Injin irin na Lista ne, mai silinda ɗaya da manyan tayoyin ƙarfe biyu, wanda sai an murɗa shi da hannu kafin ya tashi. Abincinsa kuwa gas, watau abin da 'yan jarida ke rubutawa man dizal.

A hutun watan Disamba na 2023 ne, muna zaune a ƙofar gida bayan sallar isha'i, sai Kawu ya ce, "Kai ɗan boko, matso in tambaye ka. Na ji a rediyo wai wani jirgi ya tashi daga Ingila har Amurka da ragowar man suya. Gaskiya ne, ko zancen 'yan rediyo ne?" Na ce gaskiya ne, Kawu, domin ni ma na ga labarin: ranar 28 ga Nuwamba jirgin kamfanin Virgin Atlantic, ƙirar Boeing 787, ya tashi daga Landan ya sauka New York, ba tare da an zuba masa ko ɗigon man da aka haƙo daga ƙasa ba. Sai ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, mi ya sa jirgi mai tafiya bisa gajimare ya sha man suya ya kai lafiya, ni kuwa injina da ke zaune wuri guda na ba shi man gyaɗa ya kusa kashe ni da bashi?" Na ce masa ai ni Hausa nake karantawa. Ya ce ai shi ya sa ya tambaye ni, don da Hausa yake so a faɗa mashi.

Bashin da yake magana a kai na san shi sarai, domin a gabana aka ci shi. A shekarar 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki daga watan Fabrairu har Oktoba (ba gori nake yi ba, Allah ya gafarta malamai), na koma gida na zama yaron inji wata takwas. Shekarar ce kuma yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo, ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni. Har kamfanonin jiragen saman ƙasar nan suka yi barazanar daina tashi a watan Mayu, saboda litar mansu ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Su dai an ji kukansu a Abuja. Kawu kuwa in ya ƙara kuɗin niƙa, sai mata su koma ga turmi da dutsensu. Wata Laraba ya dawo daga kasuwar Dutsin-ma da jarka biyu na man gyaɗa wanda ya daɗe har ya sake ɗanɗano, masu tuya suka ƙi shi, aka bar masa da araha. Muka tace shi da tsumma, muka fara gauraya shi da gas kaɗan-kaɗan, inji ya karɓa. Hayaƙin salansa ya riƙa ƙanshin tuyar ƙuli-ƙuli, yara suna taruwa suna dariya. Da Kawu ya ga haka sai ya rage gas ya ƙara man gyaɗa. Cikin 'yan makonni inji ya fara gardamar tashi da safe, sai mun murɗa har kafaɗa ta yi tsami. Daga nan baƙin hayaƙi, daga nan rashin ƙarfi, rannan kuma ya ƙi tashi ɗungum. Da bakanike ya buɗe shi, sai ga bakin nozul ya toshe da gawayi, ringin fistin sun manne da wani baƙin danƙo. Kuɗin gyara ya cinye abin da aka tara don rajistata, sai da mahaifiyata ta sayar da tunkiyarta sa'an nan na koma makaranta.

Saboda haka da na koma jami'a bayan wancan hutu na Disamba, sai na ɗauki tambayar Kawu tamkar aikin jinga. Na manne wa wani abokina ɗan Katsina mai karatun kemistiri. A nan na fara ganin inda gizo ke saƙar. In da Turanci ne, sai ya yi ta zuba kamar kanya. Da na ce ya maimaita da Hausa, jimla biyu zai yi ya tsaya yana sosa ƙeya, alhali kuwa Bahaushe ne gaba da baya. Ko sunan fannin nasa ma rigima ne. Kimiyyar harhaɗa magunguna, wadda aka daɗe ana cewa, ba ta dace da maganar da babu magani a cikinta ba. Na ga dai ilimin sinadarai ya fi kusa.

Abu na farko da na gano shi ne Kawu bai yi wauta ba. Kakanninmu da man gyaɗa suke kunna aci-balbal tun kafin kananzir ya shigo ƙasar Hausa. A bikin baje koli na birnin Faris a 1900 ma an nuna injin irin na Rudolf Diesel yana aiki da man gyaɗa zalla, domin gwamnatin Faransa tana neman man da za a iya nomawa a ƙasashen Afirka da ta mallaka. Watau man gyaɗa yana ci da wuta, yana kuma tura fistin. Matsalar tana cikin ƙirar ƙwayarsa.

Bari in yi ƙoƙarin bayani yadda na fahimta. Kowane mai, ko fetur ko kananzir ko gas ko na miya, taron ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kowace ƙwaya kuma an gina ta da zarra iri-iri. Ginshiƙin ginin shi ne kabon, watau asalin gawayi. Kowace zarrar kabon tana da hannu huɗu. Takan kama 'yar'uwarta ta gaba da ta baya, su jeru kamar 'ya'yan carbi, sauran hannayen kuma su riƙe zarrar haidirojin. Tsawon jerin shi ke bambanta mai da mai: na fetur gajeru ne, kabon biyar zuwa goma ko sama kaɗan, na kananzir da man jirgi takwas zuwa sha shida, na gas kuwa har ashirin da ɗoriya. Man gyaɗa shi ma jeri ne mai kabon sha shida ko sha takwas galibi, sai dai jeri uku-uku aka ɗaure a turke ɗaya, kamar awaki uku a igiya guda, kuma akwai oksijin a wurin ɗaurin. Wannan ya sa kaurinsa ya ninka na gas wajen sau goma. Nozul kuwa aikinsa feshi ne, ya watsa mai kamar hazo. In aka ba shi mai kauri sai ya riƙa tofarwa ɗigo-ɗigo, ɗigon ba ya ƙonewa duka, abin da ya rage ya dahu ya zama irin danƙon nan da ke manne a bayan kaskon tuya. Shi bakanike ya kankare daga injinmu.

Hanya biyu ake bi a raba mai da wannan turke. Ta farko mai sauƙi ce: a haɗa shi da wani ruwa mai suna metanol da 'yar soda irin ta masu yin sabulu, turken ya kwanta a ƙasa, jerin ya taso sama. Wannan shi ake kira bayodizal, kuma injin gas yana shan sa lafiya. Amma jirgi ba ya iya shan sa, saboda dalilin da zan zo kansa. Hanya ta biyu ta manyan masana'antu ce. Ana dafa man cikin iskar haidirojin da matsi mai tsanani da zafin da ya haura digiri 300, a gaban wani sinadari da ke sasanta ciniki ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Dillali na ga ya kamata a kira shi, ko da yake shi ba ya karɓar la'ada. Haidirojin ya kwashe oksijin duka, a bar miƙaƙƙen jeri na kabon da haidirojin zalla, iri ɗaya da wanda ke cikin man da aka haƙo. Da farko na zaci nan magana ta ƙare. Ashe nan ta fara.

Duk Bahaushe ya san mai yana barci. Man shanu da man ja in hunturu ya shigo sai an kai su rana ko bakin murhu. Miƙaƙƙen jeri mai kabon sha shida yana daskarewa a digiri 18, mai sha takwas kuma a digiri 28. Ke nan da asubahin hunturu a Shema, sa'ad da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, sai dai a yanka su da wuƙa kamar kyandir. To, ina ga jirgin da ke tafiya kilomita goma ko sha ɗaya a sama, inda sanyi ke kai digiri 50 ƙasa da sifiri, har ya wuce? Doka ce a duniya cewa man jirgi irin wanda ake sha a filayenmu, mai suna Jet A-1, kada ya fara daskarewa sai sanyi ya kai digiri 47 ƙasa da sifiri. Bayodizal tun a kusa da sifiri yake fara barci, shi ya sa ba shi da wuri a cikin fiffiken jirgi.

Maganin barcin shi ne reshe. Ana sake tura miƙaƙƙun jerin nan ta cikin wani dillalin, mai ɗauke da ƙarfen filatinam, wanda ke rage musu tsawo, ya kuma ciro kabon ɗaya ko biyu daga cikin layi ya dasa su a gefe. Ba a ƙara kome ba, ba a rage kome ba, sai dai abin da yake miƙe ya yi rassa. Dalilin da ya sa wannan ke hana daskarewa sai da na kwana biyu kafin in sami misalinsa, kuma a bayan gidanmu na same shi. Mai karatu ya tuna da karan dawa. In an sassabe shi, kowane kara yana kwanciya jikin ɗan'uwansa, a ɗaure dami tamau har allura ba ta shiga. Amma a je a saro ƙayar bagaruwa don shinge, a ce za a ɗaure ta dami: kowane reshe yana tokare na kusa da shi, kome ƙoƙarinka sai ta yi sako-sako. Daskarewa ba kome ba ce illa ƙwayoyin mai su kwanta jikin juna su ɗaure dami. Miƙaƙƙe yana ɗauruwa da wuri, mai reshe kuwa sai sanyi ya yi tsanani ƙwarai. Alal misali, jeri mai kabon takwas in yana miƙe yana daskarewa a digiri 57 ƙasa da sifiri, amma ɗan'uwansa mai rassa uku, mai kabon takwas shi ma, sai a digiri 107.

To, amma fa reshe yana da farashi, kuma a wurin kama wuta ake biyan sa. Wannan shi ne sashen da ya fi ba ni wuya, shi ne kuma ya fi ba ni sha'awa.

Injin Kawu ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Tsakanin feshi da kamawa akwai ɗan jinkiri wanda bai kai ƙiftawar ido ba, amma lafiyar inji duk tana rataye a kansa. In ya yi tsawo, mai ya taru da yawa ya kama gaba ɗaya, sai a ji inji yana ƙwanƙwasa, yana hayaƙi, yana gardamar tashi. Abin da ke faruwa cikin wannan ɗan lokaci kuwa sata ce. Zafi yana haifar da wani ɗan guntu mai zarrar oksijin ɗaya da ta haidirojin ɗaya, mai hannu ɗaya a sake, wanda na laƙaba wa suna ɗan sane. Ɗan sane ya zare haidirojin ɗaya daga jikin jerin mai, ya bar kabon da hannu wofi. Nan take oksijin na iska ya kama hannun nan. Sai jerin ya lanƙwaso, kamar mutum mai son sosa bayansa, oksijin ɗin ya miƙa ya zare wani haidirojin daga kabon na biyu ko na uku a jikin jerin nan dai. Wani hannu ya sake zama wofi, wani oksijin ya sake kamawa, aka sake sosa baya, har ƙwayar ta gaji ta tarwatse. Abin lura shi ne, ɗan sane ɗaya ya shiga, amma biyu ke fitowa. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, kafin ka ce kwabo silinda ta cika da wuta. Binciken irin wannan yaɗuwa ne ya sa aka ba Nikolai Semenov na Rasha da Cyril Hinshelwood na Ingila kyautar Nobel a 1956.

Miƙaƙƙen jeri mai tsawo yana da bayan da za a sosa ko'ina, kuma kabon na tsakiyar layi riƙon sakainar kashi yake yi wa haidirojinsa. Kabon na bakin layi kuwa, mai riƙe da uku, riƙon gam yake yi musu. Kowane reshe da aka dasa sabon baki ne, ga shi kuma ya gajarta layin ya tokare wurin lanƙwasawa. Gaskiya ne a daidai gindin reshen akwai haidirojin ɗaya mai sauƙin zarewa, amma sau da yawa daga nan ƙwayar kan karye ta ba da gutsattsari masu sanyin jiki, waɗanda ba sa ninka ɗan sane. Saboda haka mai reshe yana da nawar kamawa.

Masana sun yi ma'auni a kan wannan, ana ce da shi lambar siten. Miƙaƙƙen jerin nan mai kabon sha shida, wanda na ce yana barci a digiri 18, shi aka ba lamba 100. Sa'an nan aka ɗauko wani mai kabon sha shida da haidirojin talatin da huɗu daidai da shi, amma an gina shi layin tara da rassa bakwai, lambarsa ta tsaya a 15. Uwa ɗaya uba ɗaya, nauyi ɗaya, ƙarfin da ke cikinsu kusan ɗaya, amma ɗaya wuta yake jira, ɗayan sai an roƙe shi. Ƙasashen Turai sun ƙayyade kada gas ɗin mota ya gaza 51. Injin fetur kuwa akasin haka yake so, domin shi fulogi ne ke ba da umurni, ba ya son man da zai yi riga-malam-masallaci. Shi ya sa a ma'aunin fetur, watau lambar okten da Graham Edgar ya kafa wajen 1927, mai rassa ukun nan ne ke da 100, miƙaƙƙe mai kabon bakwai kuma sifiri. A nan sai mai fassara ya yi hattara. Kalmar da Turawa ke kiran wannan ƙwanƙwasa da ita ta shigo Hausa tuni, amma in bakaniken tasha ya ce inji ya yi nokin, nufinsa ya buga, ya mutu sai an sauke shi. Wanda ya ɗauki kalmar daga littafi ya kai ta gareji zai tayar wa mai mota hankali a banza.

Jirgin sama fa? Shi ne mai wuyar sha'ani, don yana son abu biyu da ba sa ga maciji. Wutarsa ba ɗauke-kawo take yi kamar ta fistin ba, ci take yi ba tsayawa, kuma in ta yi zafi sosai ƙwayoyin kan farfashe tun kafin ƙirarsu ta yi tasiri. Amma sa'ad da matuƙi ya rage mai zai sauka, ko wuta ta mutu a sama ana son sake kunna ta cikin sanyi, nan halin mai ke fitowa. Gwaje-gwaje sun nuna man da lambar sitensa ta yi ƙasa ya fi saurin barin wuta ta mutu. Man jirgi na yau da kullum lambarsa tana tsakanin 40 da 50. Akwai wani da ake ƙerawa daga barasar masara, wanda kusan duk jikinsa rassa ne, lambarsa ba ta kai 20 ba. Na man suya kuwa, da yake reshe ɗaya ko biyu ƙanana ake dasa wa kowane jeri, ya kan haura 50, ga shi kuma ba ya barci. Gwanintar ke nan: a sa reshen da zai hana dami ɗauruwa, kada kuma ya yi yawan da zai hana sosa baya. Tun 2011 aka yarda a zuba irin wannan mai a jiragen fasinja, amma kada ya wuce rabin tanki, domin ba shi da wasu ƙwayoyi masu siffar zobe waɗanda ke kumbura robobin bututu su hana yoyo. Su ne kuma suka fi kawo kunkunniya. Ko jirgin da Kawu ya ji labari, kashi 88 cikin ɗari ne daga kitse da man suya, sauran 12 masu zoben ne da aka ƙera daga sukarin tsirrai.

Da ƙaramar Sallah ta 2024 na koma gida da amsata. Na ɗebo kara da ƙaya na zube a gaban rumfar inji, na yi bayani kamar yadda na rubuta a sama, Kawu yana saurare, yaran da suka kawo niƙa sun kewaye mu. Na ƙare da cewa jirgi bai sha man suya ba, abin da aka ƙera daga man suya ya sha. Ya ɗauki reshen ƙaya ya jujjuya, sa'an nan ya ce, "Na ji. To, wa ke sa reshen?"

Tambayar nan ta fi ta farko nauyi. Kamfanin Neste ya buɗe masana'antarsa ta farko ta irin wannan mai a Porvoo ta ƙasar Finlan a 2007, daga baya ya yi wasu a Singafo da Rotterdam. Ana bukatar haidirojin mai yawa da filatinam da tukwanen ƙarfe masu jure matsi, abubuwan da ba manomi ke da su ba. Kasuwar kuma tana buɗewa: a 2024 irin wannan mai bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari na man jiragen duniya ba, amma Tarayyar Turai ta wajabta kashi 2 daga 2025, ta kuma ce sai ya kai 70 a 2050. Za a nemi mai da kitse ko'ina, kuma ba na shakka wata rana za a zo nema har ƙasar Katsina. Mu kuwa mun taɓa ganin irin wannan ciniki. Bayan jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, iyayenmu suka noma gyaɗa aka gina dala da ita, aka kwashe ta a buhu zuwa Turai, can aka matse mafi yawanta aka ci ribar sarrafawa. In aka sake zuwa, tsorona shi ne mu ne masu kara, wasu ne masu reshe.

Akwai kuma maganar ciki. A kasuwanninmu kwalbar man gyaɗa mai kyau ta fi kwalbar gas tsada, ragowar man suya kuwa ba mu da shi, domin mai ƙosai ba ta zubar da mai, sabo take ƙarawa a kan tsoho har tukunya ta tsufa. Wannan ya sa idanu suka koma kan itatuwan da ba a ci, musamman bini-da-zugu, wanda muke shinge da shi. Sunan kaɗai ya isa gargaɗi, tun da zugu shi ne farin saƙin da ake likkafani da shi. Wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙwallonsa mai ne, kuma a watan Disamba na 2008 jirgin Air New Zealand ya yi gwaji da man da aka sarrafa daga gare shi, rabi da rabi, a ɗaya daga cikin injinansa huɗu. A shekarun nan an yi ta kururuta shi a Indiya da Afirka, wai yana yi a fako ba ruwa ba taki. Yana rayuwa kam, amma ba ya 'ya'yan kirki sai a ƙasa mai kyau, gonaki da dama suka watse. A ganina duk wanda ya ce mutumin Shema ko Kurfi ya tuge gero ya shuka bini-da-zugu don jirgin da bai taɓa hawa ba, bai yi masa adalci ba. Shinge dai a bar shi shinge. In an tara 'ya'yansa an matse, hanyar soda da metanol ta ishi injin niƙa, domin a ƙasa mai zafi irin tamu ba ma bukatar reshe. Miƙaƙƙe mai saurin kamawa shi ne abokin Lista. A ƙasar Mali an daɗe ana tayar da irin waɗannan injina da man bini-da-zugu. Sai dai na gargaɗi Kawu kada ya kuskura ya niƙa shi a injin da ake niƙa tuwon mutane.

Saura maganar da ta shafe mu a wannan sashe. Kalmomin da na yi amfani da su, zarra da jeri da dillali da ɗan sane, ba na cewa su ne daidai, na kawo su ne don malamai su duba su gyara. Akwai ɗaya da ta gagare ni. A Turanci kalma ɗaya ake amfani da ita ga reshen da ke jikin ƙwayar mai da kuma yadda ɗan sane ɗaya ke zama biyu, alhali na farkon shi ke hana na biyun. Abokina ya ce su ma a ajinsu wannan yana rikita ɗalibai. Da nake yi wa Kawu bayani na faɗa cikin ramin, na ce reshe yana hana reshe, ya dube ni kamar na sha wani abu. Da na warware masa, sai ya ce ai wannan na biyun ba reshe ba ne, haihuwa ce, wutar ce ke haihuwar tagwaye. Ya ƙara da cewa su a wurin aiki, man da ke jinkirin kamawa mai nawa suke ce masa, wanda ke kamawa da wuri kuma mai zafin nama. Na rubuta duka ukun a bayan takardar rajistata, na kai wa abokina, yanzu da su yake yi wa ƙannensa bayani.

Injin dai har yanzu gas yake sha. Kawu ya dasa bini-da-zugu layi biyu a gefen gonarsa ta bakin hanya, ya ce in na gama jarrabawar ƙarshe in zo masa da abokin nan nawa da sodarsa, amma wannan karon a tsohon nozul za a fara gwadawa.